Mazarin Ige

A gidanmu na Majema, in an zauna lissafin kakanni,
ana bin maza ɗaya bayan ɗaya,
a bi matan da sunka haihu,
sai a tsallake Ige kamar mai tsallake kwata.

Ni a bakin Inno na tsince ta,
tana tsifar kaina, tana ja.
Ta ce zamanin wuri ne,
kwabo bai san hanyar Sakkwato ba.
In farin wata ya fito, sa'o'inta na dandali,
samari na aiko goro a ƙunshin ganye,
ita tana bakin ɗaki, alli a yatsa,
auduga na zama zare.

Mutum uku sun yi sallama da ita.
Na fari ya aiko toshi, wuri dubu biyu a ƙwarya,
ta ƙirga, ta mayar, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.
Na biyu mai fito ne a gulbin Rima,
damina biyu yana zuwa zance da laka a ƙafa.
Ran da ya ce in ta shiga gidansa ta bar kaɗi,
ta ce ya gaida mutanen gida.
Na uku,
Inno ta yi shiru. Ta ce miƙo min man shanu.

Gari fa bai yi shiru ba.
An ce aljani ya riga kowa, a gindin tsamiya.
An hana ta taɓa lallen amare,
alhali zanen da za a lulluɓe su
daga yatsunta ya fito.
Da azumi yara kan zo ƙofa da waƙar gwauro,
ta fito ta raba musu dakkuwa,
ta gyara musu inda sunka ɓata waƙar.

Shekarar da fara ta cinye gero
zarenta ya ciyar da gidan wanta har kaka.
Masu lissafin nan
daga wannan tukunyar sunka tsira.

Jiya a wurin suna gwaggo ta kama hannuna:
"Ke kuma sai yaushe?"
Talatin da huɗu gare ni, na fito aikin dare a asibiti,
barci nake ji.

Na dawo na buɗe adakar Inno.
Mazarin na nan, gefen yumɓun ya ɓantare.
Na murza shi a tafin hannu.
Ya yi tangaɗi,
ya tsaya da ƙafarsa, yana juyi.

Har yau ban san wane ne na ukun ba.