Basilla a Cikin Azara

Albano ya riƙe mini tsani da hannu biyu
kamar wanda aka ba amana.
"Sannu-sannu, Graciete, matakin nan na huɗu
ya girmi mahaifinki da shekara goma."

Ƙauye ne a kafaɗar dutse, arewacin Portugal,
gida sittin, tara kaɗai ke hayaƙi.
Ɗansa ya kira ni daga Lyon ran Talata:
farantan sola shida, in ji shi, kafin sanyi,
tsoho ya daina ƙirga kuɗin wuta da yatsa.

Daga waje rufin ba ya da laifi.
Yana kallon kudu, ba bishiya a gabansa,
rana na kwana a kansa tun hantsi.
Amma ni ba fuska aka turo ni dubawa ba,
haƙarƙari na zo ƙirgawa.

Na kutsa kai ta ƙofar silin.
Duhu, warin albasa, warin tsohon hayaƙi,
jemage biyu sun kalli tocilata
suka koma barcinsu.
Fale-falen dutse a sama, baƙaƙe, masu nauyi,
a ƙarƙashinsu azara goma sha ɗaya
na itacen kastanya, sassaƙar gatari.

Na ja zare daga bango zuwa bango.
Zare ba ya ƙarya, ba ya jin kunyar kowa:
tsakiya ta sauka yatsa uku.

Na fiddo basilla.
Ta farko ta ƙi ni, na ji daɗi.
Ta biyu ta ƙi. Ta uku ma.
A ta bakwai, inda ruwa ya saba bi,
ƙarfen ya shige har ƙota ba gardama
kamar cokali a dafaffiyar kabewa,
gari ya zubo mini a hannun riga.

"Yaya?" in ji murya daga ƙasa.
Na yi kamar ban ji ba.

Na zauna kan wani akwati ina lissafi.
Faranti ɗaya, kilo ashirin da biyu.
Sau shida. Ƙara ƙarafan ɗauri.
Ƙara ƙanƙarar Janairu in ta kwana uku,
ƙara iskar da ke shiga ƙasan faranti
ta nemi ɗaga shi da rufin gaba ɗaya.
Sau biyu na yi, ko alƙalami zai tausaya.

A jikin azara ta bakwai an karce da wuƙa:
A. 1951.
Ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro.

Da na sauko ya ajiye mini burodi da cuku.
Na ce, "Ba zai ɗauka ba, Senhor Albano.
Kansa ma da ƙyar yake ɗauke da shi."
Ya tauna a hankali da haƙoran da suka rage.
"Mu biyu ke nan," ya ce.

Ina naɗe tef, ta taga na hango
ɗakin awaki a bayan lambun kabeji:
kwano, ƙarfe, bulo, ba kyan gani.
"Wancan fa?"
Ya tsuke baki. "Aikin Deolinda ne.
Shekarar da nake kwance da ƙafa
ta sayar da ɗan kunnenta, ta kira maƙeri.
Wata biyu ban yi mata magana ba.
Na ce ta kafa mini gareji a gonar kakana."

Na hau. Na buga. Na auna. Na yi tsalle a kai.
Ko gezau.
Shida zai ɗauka, har da na bakwai in an so.

Ya tsaya a ƙasa, hularsa a hannu,
awaki na jan bakin wandonsa.
"Shekara huɗu tana kabari," ya ce,
"har yanzu ba ta bar mini gardama ɗaya ba.
Rubuta. Amma kada ki gaya wa yaron dalili."

Na rubuta. Garin azara na nan a hannun rigata,
ban kakkaɓe ba sai da na kai Bragança.