Laraba Ta Wa?

Mu shida ne, in Nomau bai tafi cin rani ba.
Ɗakinmu tsohon mangaza ne bayan meri, a Barmu,
inda buhunan iri suka bar warinsu.
Dukiyarmu kaye tara, akwatin ƙarfe guda,
da wayar Mushe Ilyasu mai tsagaggen gilashi
wadda ke haɗiye muryar tsofaffi.

Cikin akwatin akwai takardun lampo na kakanni.
Gara ta riga mu karatu:
ta cinye sunaye, ta bar mana adadin kuɗi.
Akwai wasiƙa daga Abijan
da mai ita ya rasu bai sami mai karanta masa ba.

Ran kasuwa muka tayar da zancen tsohuwar rijiya.
Arzika ya ce kakansa ya gina ta.
Bawa Maƙeri ya buga sanda a ƙasa, ya ce ƙarya,
nasa kakan ne, da dagi da igiyar kaba.
Muka rubuta duka biyu, shafi na hararar shafi.
Ruwan dai bai taɓa tambayar guga
jikan wa ya zura shi ba.

Sai Kuluwa,
wadda ta san sunan kowace yunwa
kamar ita ta yi mata wankan jego.
Ta fara ƙirga gidajen da suka tashi shekarar fara,
tana kan na bakwai caji ya ƙare.
Muka ce, Inna, sai Laraba.
Ta yi dariya da haƙori ɗaya:
Laraba ta wa?

Laraba muka tarar da tabarmi a ƙofar gida,
takalma birjik.
Na zauna da kaye a cinya
ina jin kunyar biron da ke hannuna.

Bayan darni wata yarinya na dakan gumbar sadaka,
jikanyarta Habsu,
da ko gaisuwa ba mu yi mata ba wancan zuwa.
Tsakanin taɓarya da taɓarya ta ce:
na takwas gidan Tanko mai jakai,
na tara masaƙa ne, sun yi kudu ba su komo ba.
Ta kai goma sha huɗu ba tuntuɓe.

Yanzu mu bakwai ne.
Ba ta iya rubutu ba tukuna,
amma makullin akwati na wuyanta,
kuma kafin mu fita
ita ke tambaya ko an cika waya da wuta.