Ƙashi Yana Ji

Shekara arba'in uwata Eduvigis ta yi
tana hawa matakala ɗari da sittin da biyu
daga kasuwar kifi zuwa gidanmu a tudun Valparaíso,
kwando a hannun dama, ni a na hagu.
Ba ta taɓa ƙirga su ba. Ni ce mai ƙirge.

Yau ina zaune gaban madubin ƙara girma
a ɗakin gwaji, tagarsa na kallon jiragen ruwa,
ina leƙen ƙwayoyin da suka gine kansu da rai
a cikin ƙashi,
kowacce ta zura siraran yatsu ta ƙananan kafofi
tana laluben 'yar'uwarta a duhu.
Ba su da ido, ba su da kunne.
Ruwa ne ɗan aikensu.
In diddige ya daki ƙasa
ƙashi kan rusuna, rusunawar da ba ta kai kaurin gashi ba,
ruwan ya kwaranya ya shafe su,
sai su ɗauko littafin gado,
su rufe shafin da ya ce a dakata da gini,
su aika wa magina:
ku tashi, akwai kaya a bisa.

Na gani da idona.
Na kunna ɗan famfo a kan faranti,
kafin shayina ya huce sau biyu
lambobi sun sauya.

Wata tara ke nan da ta zame, ranar ruwan sama.
Ƙugu ya karye, aka ɗora da ƙarfe.
Ƙanena Baltasar ya ce ta huta haka nan, wahalar ta isa,
ya sayo katifa mai laushi da kujera mai taya.
Don ƙauna ya yi, ban musa ba.
Amma na san abin da kwanciya ke raɗa wa ƙashi:
ba a bukatarka.
Magina su ajiye kayan aiki,
masu rusau kuwa ba su san ranar hutu ba.
Da likita ya ɗaga hoton a gaban fitila
sai na ga itacen da gara ta kwana a ciki.

Jiya da yamma na janye mata bargo.
Na ce, Mama, tashi.
Ta harare ni:
ashe karatun da na yi dakon kifi na biya ke nan?
Ta tashi dai.
Ta damƙi ƙarfen matakala da hannu biyu,
ta ɗora nauyinta, ɗan abin da ya rage,
a kan ƙafar da take tsoro.
Ni ina bayanta, ina sauraren abin da ba a ji,
ruwa yana motsi a duhu,
ana buɗe wani shafi.

Ta zauna tana haki, tana kallon teku.
Can ta ce, nawa?
Na ce huɗu.
Ta ce ƙarya kike, biyar.