Waya Ta Huɗu

A El Alto, inda gari ya hau kan gari,
inda baƙo ke tsayawa tsakar titi yana haki,
nan shagona yake, faɗinsa taku huɗu,
ƙarƙashin igiyar da ke jan mutane ta sama.
Iskar nan siririya ce, ba ta ƙosar da huhu,
balle ta ƙosar da fanka.

Basilia Apaza ta shigo da hantsi,
ta kwance ƙunshin da ta goyo a baya.
Na zaci jariri ne, ashe kwamfuta ce.
"Nemesio, kunna ka ji da kunnenka.
Wata bakwai ke nan ba ta yi shiru ba,
lissafin dankalina ma ya gagara,
daga kunnawa har kashewa sai kuka."

Na kunna. Kai! Kamar jirgi zai tashi.
Maƙwabcina mai gyaran agogo ya leƙo.
Na duba ma'aunin zafi: digiri talatin da takwas.
Ba zazzaɓi, ba komai,
amma tana gudu kamar an ce gobara,
juyi dubu uku a minti, ba ta ko waiwaye.
Wa ya kore ki haka?

Na fara da abin da kowa ke zargi.
Na hure ƙura daga haƙarƙarin ƙarfe,
na goge tsohon man da ya bushe kan ƙwaƙwalwa,
na ɗiga sabo, daidai ƙwayar shinkafa,
na ɗaure kusoshi huɗu, kusurwa da kusurwa.
Na kunna.
Ta ɗora daga inda ta tsaya, babu ko tsaka.

Sai na shiga ɗakin saiti, mai shuɗin allo,
na ja layin gudu na kwantar da shi ƙasa,
na ce mata, in ba zafi, ki yi tafiyar hawainiya.
Na adana, na fita, na sake kunnawa.
Ta yi kunnen uwar shegu.
Shayina ya huce a kofi,
Basilia na zaune tana saƙa.

Can da la'asar na sa tocila,
na bi wayar da yatsa har gindinta.
Baƙa, ja, rawaya. Uku.
A kan babban allo kuwa, allura huɗu a tsaye,
ta ƙarshen tsirara, ba wanda ya rufe ta.
Ta nan ne ake cewa "sassauta".
Wata bakwai allon na magana ta bakin da ba kunne,
ita ko fanka wuta kawai take sha,
duk abin da aka ba ta, ta ɗauka.

"Wa ya sa wannan?"
Ta ajiye zaren. "Wilmer, ɗana.
Daren da zai tafi São Paulo ɗinki,
tsohuwar ta mutu, ya sayo wannan a kasuwar Alhamis.
Yana sauri. Mota na jira."
Ban ce komai ba, na koma allon,
na sauya harshen umarni:
tunda ba ki da kunne, ta ci za a yi miki magana,
a rage wutar, gudun ya sauka.

Ya sauka. Dubu biyu. Dubu. Ɗari takwas.
Har na ji ƙas-ƙas ɗin agogon maƙwabci.
Basilia ta miƙe, fuskarta ba murna.
Ta kara kunne a jikin akwatin,
ta sa bayan hannu ta ji ɗan hucin.
"Tana nan dai?" Na ce tana nan.
Ta daɗe a tsaye. "Gidan zai yi shiru."
Ta ƙirga kuɗi ta ajiye kan tebur,
ta ce, "Ɗan ƙara mata kaɗan, Nemesio,
yadda zan ji ta daga ɗaka."