Gadar Rama

Shekara talatin ina tufka a bakin Dilimi.
Tafin hannuna ya zama ƙirgi,
cinyata ta dama babu gashi ko ɗaya,
rama ta aske shi tun ina saurayi.
Igiyar guga, igiyar akuya, igiyar shanya:
iyakar sanina da rama ke nan.

Gadarmu ta da ƙarfe ce.
Tsatsa ta ci rabi, 'yan jari-bola suka ci rabi,
ruwan Agusta ya zo ya suɗe kwanon.
Daga nan sai katako biyu da addu'a.
Mata masu kai kabeji Farin Gada
su tattare zani, su gyara gammo,
wata ta ce bismilla, wata ta kira Yesu,
rafin kuwa bai taɓa tambayar kowa ba.

Ran nan yarinya ta zo daga jami'a,
Kangyang, jikar wani mai haƙar kuza,
da hular kwano da takalmin roba.
Ta tsuguna ta ja igiyata, ta sansana.
Ta ce, Baba Tanimu, nawa wannan ke riƙewa?
Na ce, bijimi guda, ko ya yi fushi.
Ta rubuta. Wallahi sai da ta rubuta!

Wai gada za su yi da rama.
Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.

Amma na je, don an ce akwai na cefane.
Muka jiƙa, muka ɓare, muka shanya a kan dutse,
muka taje zare kamar gashin tsohuwa.
Shimfiɗa kan shimfiɗa,
wannan ya dubi gabas, wancan ya gitta shi,
gora a tsakiya ta zama ƙashin baya.
Suka kwarara wani danƙo mai warin ɓawon kashu,
suka danne, suka ce a ba shi kwana uku.

Abin da ya fito ba itace ba ne, ba ƙarfe ba.
Samari shida suka ɗauke shi suna hira.
Na faki ido na maka masa guduma,
ya maido mini da ita har kafaɗa.

Ranar gwaji aka jibga buhun dankali sittin.
Kangyang na ƙasa, ruwa har gwiwa,
sanyin Jos na yanka, ita tana kallon ma'auni.
Gadar ta rusuna faɗin yatsa guda,
irin gaisuwar wanda ya san darajarsa,
aka sauke kaya, ta miƙe.

Na ce, gara fa? Rana fa? Damina goma fa?
Ba ta cika baki ba.
Ta ce, wani na sani, wani sai shekaru sun faɗa,
shi ya sa za ka gan ni duk ƙarshen damina.
Kakana ya tona ƙasa ya bar mana ramuka,
har yau suna cin yara.
Ni ina son abin da in an cire shi,
wata huɗu ya sake tsayawa a gona.

Jiya da dare na ji motsi.
'Yan jari-bola ne da maganaɗisu,
suka manna, ya faɗi, suka manna, ya faɗi,
suka tafi suna tsaki.

Da asuba nakan tuɓe takalmi in haye.
Daf da tsakiya, ta hannun hagu,
akwai wani ɗan tudu a ƙarƙashin danƙon,
inda zare ya tsinke na haɗa da yawu.
Babu wanda ya san da shi sai ƙafata.

Jikata Barira takan wuce ni a guje,
jaka na dukan bayanta, ba ta duban ƙasa.
Na shuka rama a bayan gida bana.
Ganyen na kwaɗo ne.
Ɓawon, mutanen Rikkos sun riga sun yi magana.