Ɗan Rawaya

Jika biyu na ba Sahabi mai lambu
a bakin hanyar Ɗan Isa, wata Laraba.
Ya ce sunansa kirizantem.
Na maimaita sau uku, harshena ya ƙi ɗauka,
sai na raɗa masa Ɗan Rawaya.

Sahabi bai ɓoye mini ba:
"Na sanyi ne, Malama. Wata biyu, in ya daɗe uku.
In ya bushe ki zubar, ki maido tukunyar
in ba ki dala ashirin."

Duk watan Disamba ya cika bakin tukunya
kamar ƙosai da aka tsamo yanzu.
Mai zuwa aron turmi sai ta manta da turmin.

Sannan bazara ta sauka a Maradi.
Kwalta ta yi laushi,
ƙadangare ya daina ƙetare tsakar gida,
furen ya koma launin garin taba.
Gwaggo Tsahara ta taɓe baki:
"Da yakuwa kika shuka, da yanzu mun yi miya."

Ban zubar ba.
Na ɗauko almakashin ɗinki,
na datse shi, na bar yatsa huɗu,
na tura shi bayan randa
inda ƙasa ba ta bushewa.
Ragowar ruwan buta, nasa ne.
Sau biyu na kori gara.

Afrilu, kara.
Mayu, kara.
Wani dare wuta ta ɗauke, barci ya ƙi,
na kai farce na kankare gindin
da hasken waya:
kore, siriri kamar zare.

Kwana tara bayan ruwan farko
tsiro uku suka fasa ƙasa,
ba daga tsohon karan ba, daga gefe.
Na murza ganye, ƙamshin tazargade.

To shi ne ya dawo, ko ɗiyansa ne?
Na tambayi Sahabi.
Ya juya ganyen, ya duba bayansa,
ya ce: "Ganye ba fure ba ne. Bari sanyi ya zo."

Na raba su a gwangwanin tumatir
da yashin gulbi da kashin awaki.
Ɗaya ya mutu jiya.
Biyu suna tsaye.
Tukunyar dai tana wurina,
dala ashirin tana wurin Sahabi.