Minti Uku

A zauren majalisar birnin Toledo
agogo ne mai gida.
Minti uku aka yanka wa kowa.
In jar fitila ta kama,
ko kana tsakiyar kalma, sai ka haɗiye abarka.

Mu goma sha tara a benci,
kowa da takardunsa a cinya kamar jariri.
Tukunya ɗaya, cokali goma sha tara.
A gabana Osvaldo Quiroz, mai koya wa tsofaffi karatu.
Da ido muka gaisa,
don mun san lomar da ta shiga bakin ɗaya
daga hannun ɗaya aka fizge ta.

Ni wanki ne aikina.
Inji shida a ƙarƙashin tsohon coci,
biyu sun mutu tun kafin ƙanƙara ta sauka,
na uku yana tari kamar tsohon mashayin taba.
Talata da Asabar, kyauta, har da sabulu.

Fom ɗinsu shafi arba'in da ɗaya.
Dare tara na kwana a kansa,
shayi yana hucewa a gefena.
Wani gurbi ya ce: Mutum nawa suka amfana?
Na rubuta ɗari huɗu da sittin.
Babu gurbin da zan saka Tavion,
ɗan shekara tara da ya ƙaurace wa makaranta mako uku
don an ce rigarsa tana wari.
Babu gurbin uwarsa,
wadda ta manna tafinta a gilashin injin busarwa
don ɗumi kawai.

"Marvella Tibbs."
Na miƙe, gwiwata ta riga ni magana.
Na zuba musu lissafi, tun da shi kunnensu ke sha:
kuɗin ruwa, kuɗin wuta, dala dubu goma sha takwas.
Wata 'yar majalisa tana rubutu,
wani yana laluben wayarsa ƙarƙashin tebur.
Na buɗe baki zan ce Tavion,
fitila ta yi ja.

Wasiƙa ta zo a Afrilu.
Dubu bakwai da ɗari biyu da hamsin.
Ku fara saya, ku kawo rasit, sannan mu biya.
Na yi dariya ni kaɗai har na zauna a kan kwando.
Da babu gara ba daɗi, haka ne,
amma sai da na jinginar da motata
kafin inji biyu su shigo ƙofa.

Osvaldo bai samu ko sisi ba.
A Yuni mai gida ya karɓi mabuɗin ajinsa.

Wata Asabar sai ga shi da allo a kafaɗa,
tsofaffi biyar a bayansa, kowa da ƙullin wanki.
Ya ce, "Minti nawa injinki yake juyawa?"
Na ce hamsin.
Ya ce, "Ya ishe ni."

Yanzu haruffa da kumfa tare suke tashi.
Tavion ne mai goge allo,
yana gyara wa wata tsohuwa riƙon fensir.

Fom ɗin baɗi ya iso jiya.
Shafi arba'in da huɗu.
Na ɗora ruwan shayi.